Jan Zare a Rumfar Kawu

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Ranar Juma'a da hantsi aka kira ni ina ofis a Zariya, kafin in iso Jibiya an kai shi makwancinsa. Karo na biyu ke nan da na iso gidan nan na tarar maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa.

Ban taɓa ganin zaman makokin da direbobi suka fi malamai yawa ba sai wannan. Motocin haya sun yi layi tun daga ƙofar gida har bakin kwalta, na Katsina, na ƙauyuka, da na Maraɗi masu lambar Nijar. Daga cikin gida inda mu mata muke zaune ina jin maganarsu ta bayan katanga. Wani ya ce, "Wallahi shekara talatin ban taɓa jin saƙo ya makara hannunshi ba." Wani ya ce, "Sai sau guda." Daga nan sai suka sauya magana, don sun tuna ina ciki.

Wata mata ta zo daga tsallaken iyaka, ba wanda ya san ta a gidan. Ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana kuka tana cewa, "Wa za ya aiko mani maganin tsohuwa yanzu?" Ashe shekara shida Kawu ke karɓo wa uwarta maganin hawan jini daga Katsina, ya ba direba, direba ya ba mai babur, mai babur ya ajiye wurin mai shayin ƙauyensu. Ko lokacin da aka rufe iyaka maganin bai taɓa tsallake wata ba. Matar Kawu, wadda muke kira Iya, ta riƙe haɓa ta ce ita ma yau ta fara ji.

Ni kuwa ranar ban yi kuka ba. Abu ɗaya ne ke cin raina, wata ƙusa a bangon rumfarsa ta tasha. So nake in san tana nan ko ya cire ta, kuma tsoron zuwa in duba nake yi. Wanda bai san Kawu ba zai ce hankalina ya taɓu, don haka bari in faɗi ko wane ne shi.

Yayan Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake ce mini tun ina rarrafe. Da mahaifina ya rasu a Bugaje, shi ya ɗauko ni ya sa ni makaranta a gari. Ɗan kamasho ne a tashar da ke kusa da shingen iyaka, amma lodin fasinja ƙaramin abu ne a aikinsa. Aikinsa na gaske saƙo ne: magani, wasiƙa, takardar asibiti, atamfar biki, da maganar baka wadda ba a rubutawa. Ka kawo masa saƙo ka faɗi inda za shi, shi ya san hannun da zai sa shi.

Ina ƙarama nakan kai masa abincin rana in tsaya kallo. Ba motar da ke gaban layi yake ba saƙo ba. Sai ya dubi taya, ya dubi idon direba, ya tuna wanda ya yi faɗa da 'yan duwan, kwastan na Nijar, a makon jiya. Na taɓa jin ya hana wani saƙon gaggawa, mutumin ya ce, "Haba Baba, motata fa sabuwa ce." Kawu ya ce, "Motarka lafiya lau, amarya ce ka yi a Ɗan Isa. Saƙon mutane ba ya kwana can." Tasha ta kwashe da dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Sai maganar goro. A bangon katako na rumfarsa akwai ƙusoshi a jere, kowace hanya da tata. Lokaci-lokaci yakan ɗauki goro ƙwaya ɗaya, ya naɗe a ganye, ya ɗaure da jan zare, ya ba direban hanyar da ya kwana biyu bai aika komai ta cikinta ba, a kai wa wani da ya sani a can ƙarshenta. Wanda aka kai wa ya ci goron, ya mayar wa direba zaren. In zare ya dawo Kawu ya rataye shi a ƙusar, ya san hanyar na da rai, ya kuma san kwana nawa take ci. In aka yi sau uku zare bai dawo ba, sai ya ɗauko filaya ya zare ƙusar. A gabana ya cire ta wani amininsa na Daddara. Na ce, "Kawu, ba abokinka ba ne?" Ya ce, "Abokina ne har gobe. Amma ba ni ɗora maganin wani bisa hanyar da ta yi mani shiru sau ukku."

Ranar da zan tafi jami'a a Zariya ya kafa tawa, can sama, nesa da sauran. Duk wata goro na zuwa, ni kuma ina mayar da zare, ƙawayena na yi mini dariya wai ga mai waya a hannu tana aika zare.

Karatu ya kai ni inda ban zata ba. Aikina yanzu koyar da na'ura yadda za ta zaɓi hanyar da saƙon waya zai bi ta sama, a wuraren da babu ƙarfen sabis ko ya lalace. Wani hutu na buɗe kwamfuta a kan bencinsa na nuna masa. Na ce taurarin ɗan Adam na ƙasa-ƙasa ba a tsaye suke ba, kowanne 'yan mintoci yake yi a saman gari ya wuce. Ƙasa da su akwai jirage marasa matuƙi da manyan balan-balan masu ɗauke da eriya. Saƙo ba ya tafiya kai tsaye, wannan ne ke miƙa wa wancan, kuma wanda ke kusa da kai yanzu, anjima ya yi nisa. Hadari na raunana wata hanya, batirin jirgi na ƙarewa, wata kuma cunkoso ya yi mata yawa. Ba mutumin da zai iya zama yana lissafin wannan, sai a bar na'ura ta yi ta gwadawa sau dubbai a cikin kwamfuta. In saƙo ya isa da wuri a ba ta maki, in ya makara ko ya ɓata a rage, har ta gane da kanta.

Ya daɗe yana kallon ɗigogin da ke yawo a fuskar kwamfutar. Sannan ya ce, "Uwata, duk shekarun ga ashe kamasho kika tahi karantowa? Da kin hwaɗa mani ai da na koya maki kyauta." Tun daga ranar duk wanda ya shigo rumfar sai ya ji cewa ɗiyarsa kamashon sama ce.

Amma tambayoyinsa ba na wasa ba ne. Ya ce, "Hanyar da ta daina bi, wa ke gaya mata ta gyaru?" Na ce mukan sa ta jefa ɗan ƙaramin saƙo ta can jefi-jefi don ta gani. Ya buga cinya ya ce, "Ashe tana da goro!" Ya sake cewa, "In saƙo ya yi yawa, wanne ke fara tahiya?" Na ce wanda ba ya jure jinkiri, kamar kiran bidiyo. Ya ɓata fuska ya ce shi a wurinsa saƙon ciwo ke gaba, sannan na mutuwa, sannan haihuwa, sannan biki, kasuwa ce ta ƙarshe. Na ce ai na ɗauka na mutuwa ya fi nauyi. Ya ce, "Wanda ya rasu ba ya jiran kowa, Uwata. Mai ciwo ne ke duban ƙofa." Muka yi ta musu har aka kira la'asar, ni da bakina da ba ya gajiya, shi da taurin kansa.

Sai shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Wata da watanni ba kira ba saƙo. Mai son magana da na nesa sai ya sayi layin Nijar ya taka zuwa wajen iyaka inda rezo ke kamawa, kamar yadda mutanen can ke kiran sabis. Rumfar Kawu ta koma kamar da, kowa da saƙonsa a hannu.

A cikin wannan hali Inna ta kwanta. Aka kawo ta asibiti a gari, ta ce a kira mata ni. Tsakanin rumfar Kawu da inda rezo ke kamawa bai fi tafiyar minti goma ba, kuma yana da lambata a rubuce a bangon. Bai kira ba. Ya nemo tsohon amininsa da muke kira Baba Direba, mutumin da bai taɓa makarar masa da saƙo ba, ya ce ya je Zariya ya faɗa mini baki da baki, ya ɗauko ni a motarsa. Ya hana shi ba kowa saƙon a hanya. Ranar aka tare hanya, aka mayar da motoci baya, Baba Direba ya yi zagaye, mota ta lalace masa a dajin da ba sabis. Kwana biyu ya yi kafin ya ƙwanƙwasa ƙofata. Inna ta yi kwana uku tana duban ƙofa, muka iso an rufe ta da awa biyu.

Abin da na yi ranar, Allah Ya yafe mini. Ban jira baƙi su watse ba. Na fito zaure da mayafina a hannu, gaban malamai da direbobi, na ce, "Kawu, kai da ke aika goro ta hanya goma, uwata ce ka aika ta hanya ɗaya? Ga rezo can bakin iyaka, ƙafarka ce ta karye?" Ya ɗago kai ya ce, "Maganar uwa ba a hwaɗinta a waya, Uwata. Ban so ki ji ke kaɗai a ɗaki ba, sannan ki hau motar wanda ban sani ba kina kuka." Na ce, "Na'urar da nake koyarwa ba za ta yi wannan wautar ba." Wauta na ce, ga mutumin da ya goya ni a kafaɗa ya kai ni aji ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Bayan sadakar bakwai na koma Zariya ban yi masa sallama ba. Wata na zagayowa sai ga direba da goro a ganye, ɗaure da jan zare. Na karɓa na rufe ƙofa. Goron na ba mai gadin ofis, zaren na jefa a wani gwangwanin madara a cikin durowa. Wata na biyu haka, na uku haka. Da na huɗu ya zo na yi mamaki, don na san dokarsa, amma na ce ƙila direban ne bai faɗa masa gaskiya ba. Layuka suka dawo, Iya takan kira mu gaisa, in ta ce "Ga Kawunki nan kusa," sai in ce ina da aji. Haka na yi shekara uku, ina sallah ina azumi ina ganin ni ce aka zalunta.

Watan da ya wuce muka shirya wani gwaji da ɗalibaina. Muka zana yanki irin namu a kwamfuta, muka kashe duk ƙarafan sabis, muka bar taurari da jirage uku kawai. Na ware wasu saƙonni na ce na asibiti ne, na sa wa ɓatansu hukunci mai tsanani, abin da na ɗauko daga bakin Kawu ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na'ura ta koya, sakamako ya yi kyau har muna tafi. Sai na ce bari in katse hanyar da ta fi ƙarfi in gani, wadda ba ta taɓa yankewa ba a duk gwajin da aka yi.

Saƙonnin gaisuwa da na hira duk suka isa ta ƙananan hanyoyi. Na asibitin ne suka maƙale, ko ɗaya bai kai ba. Da na bi diddigi sai na ga abin da ta koya: saboda nauyinsu ta ƙi ba kowace hanya sai wadda ta fi yarda da ita, har takan riƙe su tana jiran wancan tauraron ya sake zagayowa, ga wasu na wucewa a samanta. Wani ɗalibi ya ce, "Malama, ai makin kawai za a gyara." Na ce su ba ni minti biyar. Na shiga ofis na kulle, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Ba rashin kulawa ne ya sa Kawu ya aika ta hanya ɗaya ba, kulawar ce ta yi masa yawa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, don sai da na'ura ta nuna mini abin da ya faɗa mini da bakinsa a zaure.

Gyaran na'urar kwana biyu ya ɗauke mu. Yanzu in saƙo mai nauyi ne takan kwafe shi ta aika ta hanya biyu ko uku a tare, wanda ya riga isa shi ke nan. To ni da na rubuta wannan doka da hannuna, me na yi? Wayata na kan tebur, lambar Iya na ciki. Na ce a'a, neman gafarar uba ba a yin sa a waya. Na juye gwangwanin na zuba zarurrukan duka a ambulan. Kullum motocin Jibiya na tashi daga Zariya, na ce ba kowa zan ba, sai Baba Direba, don Kawu ya gane shi ma na yafe masa. Kwana tara na yi ina jiran ya zo gari. Ranar Alhamis na damƙa masa na ce hannu da hannu, kada ya ba kowa, ya ce zai biya ta Kano ya sauke kaya, gobe yana Jibiya. Washegari da hantsi aka kira ni.

Baba Direba bai zo inda nake ba sai bayan sadakar uku. Aka ce ana sallama da ni a ƙofar gida, na fito na same shi tsaye da ambulan ɗin, ya tsufa fiye da yadda na bar shi kwana huɗu da suka wuce. Ya ce, "Ɗiyata, sau biyu ke nan. Na iso tasha da la'asar na iske rumfa rufe. Wa zan ba?" Na ce, "Baba, ba laifinka ba ne, ni ce na jira." Na koma ciki na roƙi Iya makullin rumfar. Ta ciro shi daga bakin zanenta ta ba ni.

Muka taka zuwa tasha. 'Yan kamasho suka daina kiran fasinja da suka gan mu. Baba Direba ya buɗe kwaɗon, na shiga. Ga benci, ga butarsa, ga filaya a rataye. Na kasa ɗaga kai sama, sai na fara daga ƙasa, ƙusa bayan ƙusa, kowace da zarenta. A nan na lura katakon ba wanda na sani ba ne, babu ramukan tsofaffin ƙusoshin da ya cire, babu lambata da ya rubuta da gawayi. Na ce shi ke nan, an sake bango.

Baba Direba ya ce, "Duba sama."

Tana nan, can nesa da sauran, ba komai a jikinta. Sabuwa ce, ko tsatsa ba ta fara ba. Ya ce, "Bara ruwa ya ci allon, muka sake wani. Hanyoyin da suka mutu bai maido masu ƙusa ba. Taki ya fara kafawa. Na ce mashi ai wannan ta wuce ukku da nisa. Kin san shi, duk direban da ya dawo daga wurinki sai ya tambaye shi, ta amsa? A ce ta amsa. Ta yar da zaren gabanka? A ce a'a. Sai ya ce to ba shiru ta yi ba, riƙewa ta yi, ku bar mani ƙusata."

Na hau bencin na buɗe ambulan. Ɗaya bayan ɗaya na rataye zarurrukan, wasu sun koɗe wasu da sauran jansu. Da na sauko ƙafata ta taɓa ɗan kwandon da yake ajiye goro a ƙarƙashin benci. Ƙwaya ɗaya ce a ciki, a naɗe, a ɗaure. Baba Direba ya ce tawa ce, ta ranar kasuwa, Kawu ya riga ya faɗa wa direbobin Zariya su biyo su karɓa.

Na rubuta wannan ne don in an tashi tuna Kawu a tasha aka ce "sai sau guda," a san cewa wadda aka yi wa sau gudan ta yi irinsa, kuma ita ba ta da uzurin rufe layi. Allah Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da ƙanwarsa a inda ba a jiran kowa. Ni kuma Ka yafe mini kalmar da na faɗa a zaure, tunda wanda zan roƙa ya tafi.

Na kwance zaren na sake hawa benci na rataye shi a kan sauran. Goron ya fara bushewa, ga ɗaci. Na zauna a wurin zamansa na cinye shi tas, shi ne na farko da na ci a cikin shekara uku.